KIFIN ƘARYA NA ZUBI

 Hirarmu ta yau ta masunta ce. Amma manomi da makiyayi da mai sana'ar hannu kada su tashi. Akwai lissafi a ciki, kuma lissafi na kowa ne.

Ga abin da ya kawo zancen. Wata rana wani ɗalibina, dattijo masunci na bakin kogin Isa, ya zo aji da wani abu ƙunshe a tsumma. Ya ce kallinshi ne ya kamo shi. Da ya kwance tsumman, sai munka ga ɗan kifi. Tsawonshi santimetir 11. Bayanshi shuɗi, cikinshi fari, ga idanu, ga ƙugiyoyi biyu masu baki uku-uku suna reto. Ba nama, ba ƙaya, ba ƙarni. A ƙarƙashin bakinshi akwai wani ɗan faifai kamar farce. Dattijon ya ɗaga shi sama, ya ce: "Mushe, wane wawan kifi ne zai ci wannan?" Aji duka ya kwashe da dariya.

Tambayar tana da kyau. Wannan abu shi muke kira kifin ƙarya. A Turai da Amurka da Japon mutane da yawa da shi suke fatsa, maimakon tana ko ɗan kifi mai rai. Wasu suna saye a kanti. Wasu kuwa a gida suke yin nasu, ta hanyar zubi. Yadda suke yi za mu bayyana yau, sannan mu faɗi gaskiya kan inda abin zai yi amfani a ruwayenmu da inda ba zai yi ba.

Wane kifi ke cin abin da ba abinci ba?

Kifaye ba halinsu ɗaya ba. Karfasa kiwo take yi, tana tsintar gansakuka da ƴan ƙananan abubuwa. Tarwaɗa da ƙurungu suna laluben ƙasan ruwa da gashin bakinsu, suna bin wari. Giwan ruwa da tsage kuwa mafarauta ne. Abincinsu ƴan uwansu kifaye. Mafarauci ba ya tsayawa shinshina. In ya tsaya, abin ya tsere. Motsi yake gani, sai ya kai hari.

Ku duba gefen kifi da kyau. Za ku ga wani siririn layi daga wajen kai har wutsiya. Da wannan layi kifi ke jin motsin ruwa, ko cikin duhu, ko ruwa ya gurɓace. Ɗan kifin da ya ji ciwo ba ya iyo daidai. Yana tangaɗi, yana karkata hagu da dama. Wannan tangaɗin shi ke kiran manyan.

Wani masunci matalauci na ƙasar Finlan, can arewacin Turai, ya lura da haka. Sunanshi Lauri Rapala. Yana su a tabkin Payanne. Ya ga in garken ƙananan kifaye na wucewa, babban kifi mai rauni yake zaɓa daga ciki. A shekara ta 1936 ya ɗauki wuƙar baduku, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace marar nauyi. Ya naɗe shi da takardar azurfa ta alewar cakula. Ba shi da kuɗin sayen man rufi, sai ya narkar da fim na hoto ya shafe shi. Ya yi ta gyara har abin ya riƙa tangaɗi kamar mai ciwo. A 1962 wata babbar mujalla ta Amurka ta ba da labarinshi, masu saye sunka yi yawa har sunka fi ƙarfin masu yi. Ya rasu a 1974, amma kamfanin Rapala yana nan yana aiki.

Ku riƙe wannan, don shi ne gindin zancen: motsi ke kama kifi. Fenti da idanu da ƙyalli suna taimakawa, amma a bayan motsi suke.

Me ya sa zubi?

Kifin ƙarya na itace yana da aibi biyu. Na farko, in fenti ya tsage, ruwa ya shiga, itace ya sha, nauyi ya sake, motsi ya ɓaci. Haƙoran tsage kuwa kun san su, hari ɗaya ya isa. Na biyu ya fi ciwo. Ka sassaƙa goma, duka da wuƙa ɗaya, duka daga reshe ɗaya. Ka kai su ruwa, sai ka ga biyu ne kawai ke iyo da kyau. Ɗaya daga ciki ya kama maka kifi wata guda, sannan ya maƙale a dutse, zare ya tsinke. Ka sake sassaƙa wani kamarshi, bai yi ba. Hannu ba ya maimaita abu daidai.

Zubi ke maganin wannan. Kun san masu zubin tukwane na alminiyam, irin na kasuwar Katako a Yamai da na sauran garuruwa. Tukunya ɗaya suke dannawa cikin ƙasa, su fid da siffarta, su zuba narkakken ƙarfe. Ta ɗari ta fito kamar ta farko. Haka mai kifin ƙarya ke yi. In ya samu ɗaya mai iyo da kyau, sai ya yi mishi mazubi, ya riƙa fid da irinshi.

Sai dai shi ba ƙarfe yake zubawa ba. Abin da yake zubawa ana ce da shi rezin. Kun san ƙaro, yadda yake fita daga itace da ruwa-ruwa, sannan ya daskare. To rezin kamar ƙaro ne, amma na masana'anta, kuma in ya daskare ruwa ba ya narkar da shi. Irin da anka fi zubin kifin ƙarya da shi sunanshi foliyuretan. Wani masani Bajamushe, Otto Bayer, da abokan aikinshi sunka gano shi a 1937. A kwalba biyu yake zuwa. Ɗaya an rubuta mata A, ɗaya an rubuta mata B, haruffan da kowa cikinku ya sani. Kowane shi kaɗai ruwa ne. In an haɗa su sai su yi zafi da kansu, ba wuta, su zama abu mai tauri cikin ƴan mintoci.

Akwai wani rezin kuma, foliyesta, wanda ake gyaran jiragen ruwa na roba da shi. Ya fi arha, amma yana da wari mai ƙarfi, ya fi nauyi, kuma in ya bugi dutse yana fashewa. Ni ban ba da shawararshi ba ga wannan aiki.

Asali da mazubi

Aikin farko sassaƙa ne. A samu busasshen itace mai laushi, kamar rimi ko dashi. A zana kifin a takarda, a yanke, a ɗora kan itacen, a bi zanen. Siffar ƴar kawara ta isa. Abin kula shi ne gefen hagu da gefen dama su zo daidai. A goge da takarda mai yashi har ya yi sumul, don mazubi ba ya ɓoye kome: ko sawun wuƙa ne, zai fito a jikin kowane kifi da za a zuba. A shafa mishi fenti ya bushe. Wannan na itacen mu kira shi asali.

A ƙarƙashin bakin asali a yi tsaga da ɗan zarto. Nan ne wurin leɓe, wato ɗan faifan nan da dattijo ya gani. Ana yanko shi daga roba mai tauri wadda ba ta karyewa, ko daga fallen alminiyam, kaurin milimetir 1 zuwa 2. Leɓe shi ne ran abin. In an ja zare, ruwa ya daki leɓe, ya danna kan kifin ƙasa, ya zame ta hagu, ya zame ta dama. Tangaɗin ke nan. Gajeren leɓe mai duban ƙasa yana riƙe kifin kusa da saman ruwa. Dogon leɓe mai miƙewa gaba yana nutsar da shi zurfi.

A sa ma asali zobba uku na waya: ɗaya a hanci, na ɗaura zare, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya, na ƙugiyoyi. Kafin a yi mazubi, a manna mishi ɗan darma a ciki, a rataya ƙugiyoyi, a kai shi ruwa. In bai yi iyo ba, a gyara, ko a sassaƙa wani. Kada a ɓata kaya masu tsada a kan siffar da ba a gwada ba.

Mazubi kuma da silikon ake yin shi. Shi ma ruwa biyu ne ake haɗawa, amma in ya daskare laushi gare shi kamar roba, kuma rezin ba ya manne mishi. A yi ɗan akwati na kwali wanda ya fi asali girma da santimetir 1 ko 2 ta kowane gefe. A shimfiɗa yumɓu mai laushi a ƙasa. A kwantar da asali a gefenshi, a danna har rabinshi ya nutse. A lotsa ƴan ramu huɗu a kusurwoyin yumɓun da gindin fensir. Su za su sa ɓari biyu na mazubi su riƙa haɗuwa daidai. A haɗa silikon yadda takardar jikin gwangwani ta ce. A tsiyaya shi siriri daga kusurwa ɗaya, a bar shi ya malala da kanshi ya rufe asali, don kada iska ta maƙale. Wani iri yana daskarewa cikin awa 4 ko 6, wani sai ya kwana. In ya daskare, a juya akwatin, a cire yumɓu, a bar asali a wurinshi. A shafa bazilin a fuskar silikon ɗin, in ba haka ba ɓari na biyu zai manne da na farko, su zama dunƙule ɗaya, asali a kulle a ciki. A zuba ɓari na biyu. In ya daskare a raba su, a fid da asali, a yanka ƴar ƙofar zubi ta bayan kifin, da wata ƴar kafa siririya ta fitar iska.

Mazubi ɗaya yana ba da kifaye gommai kafin ya gaji.

Lissafin da ke raba mai iyo da mai nutsewa

Nan nake so ku buɗe kaye, ku ɗauki bik.

Rezin ya fi ruwa nauyi kaɗan. In an zuba shi zalla, kifin ƙarya zai nutse kamar tsakuwa, ya kwanta a ƙasa, ya maƙale. Mu kuwa muna son ya tashi sama in an daina ja, ya nutse in an ja. To yaya za a san nauyin da ya dace?

Ga doka, ba ta sakewa. Duk abin da anka tsoma a ruwa yana ture ruwa daidai girman jikinshi. In abin bai kai nauyin ruwan da ya ture ba, ya taso. In ya fi shi, ya nutse. Shi ya sa jirgin ƙarfe ke tafiya bisa ruwa, allura kuwa ta nutse.

Sai mu auna ruwan da asali ke turewa. A cika kofi da ruwa fal, a aje shi cikin kwano. A danna asali a ciki da tsinken waya har ya nutse duka. Ruwan da ya zube cikin kwano, a zuƙe shi da sirinji, a karanta lamba. Mililitir 1 na ruwa giram 1 ne. In an samu mililitir 20, to giram 20 ke nan. Wannan ita ce iyaka. Kifin ƙarya, da wayarshi, da darmarshi, da leɓe, da ƙugiyoyi, da fenti, duka kada su kai giram 20.

Yanzu mu gani. Rezin zalla da zai cika wannan mazubi kusan giram 21 ne. Tun ba a sa kome ba, an wuce iyaka. Dole a rage mishi nauyi.

Masu wannan sana'a suna da wani farin gari da suke zubawa a ciki. A ido kamar garin alkama yake, amma kowace ƙwaya ɗan ƙwallon gilashi ne mai iska a ciki. Mu ce da shi garin iska. Da yawa suna farawa da giram 1 na gari ga kowane giram 10 na rezin. Ba shi da nauyi ko kaɗan, don haka a kofi za ka ga garin ya kai kusan yawan ruwan. Da wannan haɗi, jikin da ya yi giram 21 zai dawo kusan giram 15. Mu tara:

jiki, giram 15
waya da leɓe, giram 1
ƙugiyoyi da zobbansu, giram 2
darma, giram 1

Duka giram 19. Ya rage giram 1 kafin iyaka, shi ne rabon fenti da man rufi. Wannan kifi zai taso, amma sannu-sannu, kuma haka ake so. In kana son mai nutsewa don rami mai zurfi, ƙara darma giram 2 ko 3.

Garin iska iri-iri ne, wani ya fi wani sauƙi. Don haka wannan lissafi mafari ne kawai. Na farko da ka zuba shi zai gaya maka ko ka ƙara ko ka rage. Wanda bai samu garin ba yana iya ɗaura ɗan busasshen itace marar nauyi a jikin wayar, ta wajen baya, ya shafe shi da fenti tukuna, rezin ya rufe shi. Yana yi, amma bai kai gari daidaito ba.

Wurin darma ma abin kula ne. A ƙasan ciki take zama, gaba da tsakiya kaɗan. Nauyi a ƙasa, sauƙi a sama, kamar kaya cikin jirgi. In darma ta hau sama, kifin zai kife, ya riƙa juyi kamar dunƙulen zare, kuma ba kifin da zai kula shi.

Ranar zubi

Kafin a taɓa kwalba, ga gargaɗi. Rezin kafin ya daskare guba ne ga fata da huhu. A yi aikin a fili, inda iska ke wucewa, ba cikin ɗaki ba. A sa safar hannu ta roba. A rufe hanci da baki in ana ɗibar garin iska, don tashi yake kamar ƙura, kuma gilashi ne. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Kofi da cokalin da anka yi aiki da su kada su koma madafa har abada. Darma ita ma guba ce: a yanka ta da awartaki, ba sai an narkar ba, kada a sa ta a baki, a wanke hannu kafin cin abinci. A Ingila tun 1987 anka hana ƙananan darmar fatsa, saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta suna mutuwa. Yara kuma su yi nisa, ko don ƙugiya.

A lanƙwasa waya marar tsatsa, mai kaurin milimetir 1 ko fiye. Waya ɗaya tak, daga hanci har wutsiya, da zobbanta uku. Dalili: babban giwan ruwa yana wuce kilo 100. In jikin kifin ƙarya ya fashe a bakinshi, wayar tana nan, ƙugiya na haɗe da zare. A matse darma a jikin wayar. A kwantar da ita cikin mazubi, zobba su shiga sawunsu. A rufe, a ɗaure da roba, ba da ƙarfi ba, kada siffa ta lotse.

Yanzu a karanta jikin kwalba. Wannan ba wasa ba ne. Wani rezin ana haɗa shi daidai-wa-daida da nauyi, wani daidai-wa-daida da mudu, wato da sirinji, wani kuma A ya fi B. In awo ya kuskure, abin ba zai daskare da kyau ba. Zai yi danƙo, ko ya riƙa tsattsafo da mai, fenti ya ƙi kama shi. In rubutun da Faransanci ne ko Ingilishi, lambobin dai kun san su. Sauran a kai ma mai karantawa.

Mu ɗauka namu na nauyi ne. Ana bukatar ƙaramin ma'auni na giram, irin na masu sayar da zinariya. A auna A giram 8 a kofi ɗaya, B giram 8 a wani kofin. Garin iska giram 1 da rabi, da ɗan ɗori kaɗan, a raba shi biyu, a dama rabi cikin A, rabi cikin B. Nan ba gaggawa. Gaggawa tana farawa sa'ad da anka juye ɗaya cikin ɗaya. A dama da sauri kamar daƙiƙa 20 ko 30, ana kankare gefen kofi da gindinshi. A tsiyaya cikin mazubi har ya fito ta kafar iska. A ɗan bubbuga. A aje.

Mai saurin kamawa minti 2 ko 3 kawai yake ba mutum, kuma wannan a ƙasa mai sanyi anka auna shi. Zafi yana ƙara mishi sauri. Ni na koyi wannan da kuɗina. Zubina na farko da azahar na yi shi, cikin watan Afrilu. Ina cikin damawa wani ya yi sallama, na ɗaga kai na amsa. Kafin in juyo, kofi ya yi zafi, abin ya zama fari, tsinken damawa ya kafe a tsakiya. Har yau yana nan bisa teburina, ina danne takardu da shi. A ƙasarmu da sassafe ake zubi, kuma a aje kwalaben a inuwa.

Maƙiyi na biyu shi ne laima. Ɗigon ruwa ɗaya cikin rezin yana sa shi kumfa kamar ƙullin da ya tashi. Kifin ya fito da ramu-ramu. Mazubi ya zama busasshe, kofi busasshe, tsinken damawa na roba ko na ƙarfe, don ɗanyen itace yana da ruwa. A rufe kwalba da zarar an ɗiba. Lokacin ɗari, da iska ke bushe, ya fi damina kyau ga wannan aiki nesa ba kusa ba.

Bayan minti 15 zuwa 30 a buɗe. A yanke tsinin ƙofar zubi, a goge layin haɗi. A bar shi ya kwana ya gama tauri.

Fenti ba shi da wuya. A wanke kifin da sabulu, ya bushe, a ɗan goge shi don fenti ya kama. A manna leɓe a tsagarshi, a duba ta gaba a tabbata bai karkata ba. Fari a ƙasa, sannan launin da ake so a baya. Takardar azurfa ta kwalin shayi, in an manna ta a gefe, tana ƙyalli kamar ɓawon kifi. A ƙarshe a rufe duka da efoksi, wani rezin garai-garai mai ruwa biyu. Sai an riƙa juya kifin a hannu har ya fara kamawa, in ba haka ba man zai taru a gefe ɗaya, ya ɓata awon da anka sha wahala a kanshi.

Gwaji

A kai shi ruwa mai haske, a ɗaura zare, a ja sannu. In yana zuwa sak yana kaɗa wutsiya, madalla. In yana karkata gefe ɗaya, a kama zoben hanci da awartaki, a lanƙwasa shi zuwa gefen da ake so ya koma. Kaɗan-kaɗan, kamar kaurin gashi, a sake gwadawa. Kamfanin Rapala ma haka yake yi: ana gwada kifayenshi na itace cikin kwamin ruwa, a gyara su da hannu kafin su fita.

Sannan a rubuta. A sa ma kowane kifi lamba a ciki kafin man rufi. A kaye a rubuta lambar, da giram na A da B, da na gari, da na darma, da wurin da anka sa ta, da tsawon leɓe, da abin da ya yi a ruwa. Mazubi siffa kawai yake riƙewa. Nauyi kaye ke riƙe shi. Wanda ya zuba mai kyau bai rubuta ba, bayan wata biyu zai tsaya gaban ma'auni yana cewa ko giram 1 ne, ko 2 ne.

Ina zai yi amfani?

Yanzu gaskiyar da na yi alkawari. Kifin ƙarya ba zai maye gurbin kalli ko birgi ko mamari ba. Ɗaya-ɗaya yake kamawa. Mai neman cika kwando da karfasa kada ya ɓata kuɗinshi. Masuntan Tabalak da Madarunfa da Gidimuni sun fi kowa sanin kifin da ke tabkinsu. Inda karfasa da tarwaɗa sunka fi yawa, tana da dussa sun fi shi.

Wurinshi shi ne inda giwan ruwa da tsage suke, kamar kogin Isa, wanda ya ratsa ƙasarmu kusan kilometir 550, daga iyakar Mali har ya wuce Gaya. A tabkin Nasar na ƙasar Masar, masu fatsa da irin wannan kifin ƙarya suke kama manyan giwan ruwa, suna jan shi a bayan jirgi. Namu masunci ma yana iya haka, ba sai da sanda mai tsada irin ta Turawa ba. Ya saki zare mai ƙarfi mita 20 ko 30 a bayan jirgi, ɗan uwanshi yana tuƙi sannu, kamar tafiyar ƙasa. A bi gefen duwatsu da bakin ramu, da asuba ko da maraice. A naɗe zaren a guntun itace. Kada a naɗe shi a yatsa ko a hannu, don fizgar babban kifi tana yanka har ƙashi. Saboda tsage, a sa waya santimetir 20 ko 30 tsakanin zare da hancin kifin.

A lura da ruwa kuma. Cikin Agusta da Satumba kogi ja ne, cike da laka. Sa'an nan kifi ba ya gani da nisa, sai a sa mai launi mai ƙarfi, rawaya ko ja, mai faɗin tangaɗi. Daga Disamba, in ruwan da ya taso daga Gine ya iso, kogi ya fi haske, mai ruwan azurfa ya fi ci.

Abu ɗaya da ya burge ni: kifin ƙarya mai santimetir 11 ba ya kama jarirai. Ba ya share ƙwai, ba ya kwashe ƴaƴan kifi kamar raga mai ƙananan idanu. Amma fatsa ma su ce. Takardar izini ta ma'aikatan gandun daji da ruwa tana kan mai ita, kamar kowa.

Sauran magana ta kuɗi ce. Rezin da silikon da garin iska duka daga waje ake kawo su, da tsada, kuma kwalbar da anka buɗe ba ta daɗewa, ƴan watanni ne ta lalace. Mutum ɗaya mai son kifi biyar ba zai fid da kuɗinshi ba. Shawarata ita ce a fara da itace. Wuƙa da waya da fenti sun isa a gane ko kifin wurinku yana cin abin. In an samu siffar da ke kamawa, kuma an ga masu so, sa'an nan ƙungiyar masunta ta haɗa kuɗi, a sayi kaya sau ɗaya, a zuba da yawa cikin sati ɗaya na ɗari, a raba.

Dattijon nan da ya kawo tambaya hanyar itace ya bi. Na rimi ya sassaƙa, guda huɗu. Uku sun ƙi iyo. Na huɗu ya dawo da shi aji bayan sati biyu, da sawun haƙoran tsage a gefenshi, fenti duk ya kware. Shi munka tsoma a kofi, ajin ya auna ruwan da sirinji. Mililitir 23 munka samu.

Ga aikin wannan sati, ku yi shi tare da malaminku. Asali ya ture ruwa mililitir 23. Waya da leɓe giram 1, ƙugiyoyi giram 3, darma giram 2, fenti da man rufi giram 1. Giram nawa ne jikin ba zai kai ba, in ana so kifin ya taso? Ku rubuto amsa da hannunku, da sunan garinku, za mu karanta a shiri mai zuwa.